Motar Baba Mai Lumshe Ido

A Parakou tsohuwar mota ba abin kallo ba ce. Kusan duk motar da ka gani a kan titi ta yi wata rayuwa a wani wuri kafin ta zo mana. Wata ta shekara goma tana kai yara makaranta a Beljiyam, wata ta tsufa a hannun wata dattijuwa a Jamus, sannan aka tura ta titin Heyvaert na birnin Brussels inda dillalai ke tara irinsu, aka loda ta a jirgin ruwa a Antwerp, ta sauka Kwatano. Daga nan a kai ta filayen Sèkandji ta jira mai rabo. Mutanen ƙasarmu suna ce wa irin wannan mota "venue de France" ko da ba ta taɓa taka Faransa ba, 'yan uwanmu na Najeriya kuma su ce 'yar Kwatano. Mu da muka tashi a Guéma, a bakin hanyar da ta haura arewa zuwa Malanville da Nijar, tun muna yara muke ganinsu jere suna wucewa, ƙura ta rufe su, da rubutu a jikin gilashi.

Amma ko a cikin tsofaffin akwai waɗanda ake juyowa a sake kallo. Su ne masu ɓoyayyar fitila. Da rana gabansu sumul yake kamar goshin kifi, ba ka ganin ido ko ɗaya. Direba na murɗa makunni sai murafu biyu su ɗago daga bakin bonet, fitilu su bayyana. Yana kashewa su koma su kwanta. Honda Prelude na da irin wannan ido, haka Toyota Celica da Volvo 480. Tamu Mazda 323F ce, mai ƙofa biyar, irin wadda aka ƙera tsakanin 1989 da 1994, wadda a Japan ake kira Familia Astina. Yaran unguwarmu ba ruwansu da wannan dogon suna. Mai lumshe ido suke ce mata.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya saye ta a 2004, ina 'yar shekara goma sha huɗu. Aikinsa a tashar jirgin ƙasa yake. Layin dogo da ya taso daga Kwatano a Parakou ya tsaya tun 1936, don haka a wancan lokacin kayan da jirgi ya ɗauko za su wuce Nijar a nan ake sauke su a mayar cikin manyan motoci, Baba kuwa yana cikin masu haɗa mai kaya da mai mota. Ya yi shekaru yana lodin motocin wasu kafin ya mallaki tasa. Ranar da ya shigo da ita bayan magariba, ya tsaya a ƙofar gida ya kunna ya kashe, ya kunna ya kashe, yara na ihu, har Inna ta aiko a ce masa batir fa ba rijiya ba ne. Daga ranar, duk yaron da ya kawo sakamako mai kyau daga makaranta ladansa ke nan: a ɗora shi kujerar direba ya buɗe wa mota ido da hannunsa.

Da Baba ya rasu aka zauna rabon gado, aka yi wa motar kuɗi sefa 400,000. Babban yayanmu ya ce a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe a raba kuɗin, domin a ganinsa abin da za ta ci nan gaba ya fi abin da za ta bayar. Bai faɗi ƙarya ba. Ni kuwa na ce a lissafa ta cikin rabona. Rabon mace an san shi, motar ta cinye mafi yawansa. Yaya ya kalle ni ya ce, "Ƙanwata, tsohon ƙarfe za ki ci?" Na ce, "Yaya, ka bar ni da ita." Ya ce ya bari, amma ran da ta gagare ni kada in ji kunyar zuwa in faɗa masa.

Ba don tunawa da Baba kaɗai na riƙe ta ba. Shirina na Hausa a gidan rediyo da dare ake yin sa, sai ƙarfe goma ta wuce nake fitowa. Sannan Inna, bayan ta gama takaba, ta koma gidan iyayenta a Djougou, kuma tana fama da hawan jini. Duk wata sai na je na ɗauko ta zuwa ganin likita a Parakou, wani lokaci kuma kiran gaggawa ne ba shiri. Tsakanin garuruwan biyu wajen kilomita 135 ne. Mace mai irin wannan zirga-zirga, mota a wurinta ba ado ba ce.

Shekara biyu tana yi mini biyayya. Sai wani hunturu idon hagu ya fara nawa. Na dama ya ɗago tsaf, na hagu ya biyo baya a hankali kamar mai tashi daga barcin rana. Bayan mako biyu ya koma tsayawa a rabi, haskensa na dukan ƙasa a gaban taya. Daga baya ya ƙi ɗagowa sam. Na dama kuma, da na shiga gargada sai ya riƙa rawa, haske na tsalle a kan bishiyoyi.

Wanda bai saba tafiyar dare ba zai ɗauka matsalar mota mai ido ɗaya ita ce direbanta ba ya gani sosai. Wannan ƙarami ne. Babban haɗarin yana kan wanda ke tahowa. Shi haske ɗaya yake hangowa, sai ya ɗauka babur ne, ya ba da hanya daidai faɗin babur. Idan idon hagu ne ya mutu, abin ya fi muni, domin mu da ke bin hannun dama, ɓangaren hagu shi ne ke kusa da tsakiyar titi, shi ne kuma ya ɓuya cikin duhu. A lokacin hunturu ga hazo, ga manyan motocin auduga da aka yi wa lodi har ya zarce gefe, ga masu babur da suka ɗauko jarkokin fetur. Duk wanda ya san gangaren gadar Bétérou a kan kogin Ouémé ya san wurin ba ya son kuskuren lissafi. Da idon ya mutu sai na daina fita da ita bayan magariba. Na koma hawa zem daga wurin aiki, na kuma riƙa kwana da fargabar kada wayar Djougou ta shigo da tsakar dare. Ga takardar binciken lafiyar mota ta kusa ƙarewa, kuma fitila na cikin abin da ake dubawa.

Shawara kuwa na sha ta. Garejin farko da na je, saurayin bai ko buɗe komai ba. Ya ce a ɗaga murafun biyu a tokare su da katako, a ɗaure da waya, a cire soket, shi ke nan. Na biyu ya ce walda ta fi katako ƙarko. Na uku ya ce a rufe idanun gaba ɗaya, a huda bamba a dasa fitilun LED irin na 'yan babur. Kowannensu ya kawo hujja guda: ba a sayar da injin wannan fitila a ko'ina, kowa haka yake yi. Kuma gaskiya ne, 'yan ƙalilan ɗin da suka rage a gari duk idanunsu a tsaye suke dare da rana, wasu ɗaya ya kalli sama ɗaya ya kalli ƙasa. Fitilar da aka tokare da katako ba ta zama a saiti. Ko ta haske maka ƙafa, ko ta kashe wa mai zuwa ido.

Aikin jarida ya saba mini da tambaya, sai na zauna na bincika dalilin da ya sa tun farko aka ɓoye wa mota ido. Ashe abin ya tsufa. Motar kasuwa ta farko da ta fito da shi ita ce Cord 810 ta Amurka, a 1936, kuma da hannu ake ɗaga fitilunta, da wasu 'yan marfi biyu da ake juyawa a gefe da gefen allon gaban direba. A 1940 Amurka ta tsayar da fitila iri ɗaya ga dukkan motoci, zagayayya, babba, wadda ƙwai da gilashi ke haɗe, ga kuma ƙa'idar tsayin da ya kamata fitila ta kai daga ƙasa. Masu zanen mota kuma suna son gaba mai kwanciya wanda zai tsaga iska. Sai suka raba gardama: da rana fitila ta kwanta, da dare ta miƙe ta kai tsayin da doka ta ce. Kamfanonin Japan da ke sayarwa a Amurka suka ɗauka, ya zama yayi a shekarun 1980. Da Amurka ta sassauta dokar a 1983, aka sami damar ƙera fitila a kowace siffa, buƙatar ta ragu. Daga baya dokokin kare mai tafiya a ƙasa suka sa ƙera irin wannan murfi mai tsini ya yi wuya. A 2004 na ƙarshensu suka fita daga masana'anta, Chevrolet Corvette da Lotus Esprit. Wato shekarar da duniya ta daina ƙera su ita ce shekarar da Baba ya shigo da tasa Guéma yana murna. Haka kaya ke iso mu: sai masu shi sun gama da shi.

Wani tsohon direba ne, abokin Baba, ya ce in je Zongo in nemi wani dattijo mai gyaran wutar mota, irin waɗanda a Najeriya ake kira rewaya. Kowa Baba mai wuta yake ce masa. Rumfarsa ba ta fi ɗaki ɗaya ba, cike da tsofaffin kik da janareton mota da gwangwanayen madara da aka tara kusoshi a ciki. Da na gaishe shi na faɗi ko 'yar wane ce ni, ya yi wa Baba addu'a, ya ce ya san motar tun tana amarya. Sannan ya ce, "'Yata, kunna mu ji."

Mu ji ya ce, bai ce mu gani ba. Ya kara kunnensa a kan murfin hagu, na murɗa makunni. Ya ɗago ya ce akwai ƙarar "ƙas" daga rile, ke nan umarni yana isowa. Ya duba fiyus ɗin da ke cikin akwatin gefen batir, lafiyarsa lau. Ya ɗauko ƙwan gwaji mai waya biyu ya taɓa bakin soket, ƙwai ya kama. Ya ce wuta ta zo har ƙofar gida, masu gida ne ba su buɗe ba.

Daga nan ya nuna mini abin da shekara ashirin ina ganin motar ban san da shi ba. A kan kowane inji akwai wata 'yar hular roba. Ya cire ta, sai ga wani maɓalli mai juyawa. Ya fara zare kan batir tukuna, ya ce duk mai juya wannan abu da wuta a jiki yana wasa da yatsunsa, domin inji na iya farkawa ya fizge. Sannan ya juya, ya juya, sai ga idon hagu yana ɗagowa a hankali har ya tsaya cak. Ya ce waɗanda suka ƙera ta sun san wata rana inji zai gaza, shi ya sa suka bar wa direba wannan hanya. Ya ce ko yau aka kira ni Djougou, in ɗaga da hannu in tafi. Wannan kaɗai ya sauke mini rabin nauyin da ke kaina.

Amma bai tsaya nan ba. Ya sa yaronsa, wani ɗan shekara goma sha shida mai shiru-shiru, ya kwance injin. Abin bai fi dunƙulen hannu biyu ba, kuma kamarsa ɗaya da injin magogin gilashi. Suka shimfiɗa farin buhu a ƙasa, duk kusar da aka cire a ajiye ta a jere bisa yadda ta fito. Baba mai wuta ya riƙa yi wa yaron bayani, ni ma na ci albarkacinsa.

A ciki akwai curin waya mai juyawa, wanda wasu 'yan gawayi biyu ke goga a jikinsa suna ba shi wuta. A ƙarshen sandarsa akwai zare irin na kusar noti, shi ke juya wani faifan roba mai haƙora. Faifan ne ke riƙe da wani guntun hannu na ƙarfe, hannun kuma ya kama sandar da ke tura murfin fitila. Abin da ya fi burge ni shi ne injin ba ya komawa da baya. Gaba kawai yake juyawa. Rabin zagaye ya ɗaga ido, ɗaya rabin ya kwantar da shi. To yaya yake sanin inda zai tsaya? A bayan faifan an manna wani zoben tagulla mai giɓi, da wasu siraran yatsun tagulla da ke bin sa. Muddin yatsa na kan tagulla, inji na juyawa. Da ya faɗa giɓi sai wuta ta yanke, ido ya tsaya daidai wurinsa. Ba kwamfuta, ba komai. Zobe da yatsa ne ke riƙe da duk wannan kwalliya.

Ciwon namu kashi uku ne. Robar da ke hana ruwa shiga ta tsage, ruwan damina ya shiga, ƙurar hunturu ta biyo baya, giris ya haɗu da jar ƙasa ya daskare kamar busasshen tuwo. Gawayin sun cinye sun kusa ƙarewa. Zoben tagulla ya yi kore, ɗaya daga cikin yatsun kuma ya sirance har ya karye. Idon dama da ke rawa kuwa, wani ɗan kofin roba ne da ke gaɓar sanda ya farfashe, sanda na wasa a cikinsa.

Biyun farko ya gama da su a yini ɗaya. Ya wanke komai da kananzir da tsohon burushin haƙori. Ya ɗauko gawayin wani injin magogi da ya mutu, ya goge su a kan sanfefa har suka shiga gurbinsu daidai, ya liƙa wayarsu da dalma. Ya goge zoben har ya yi ja. Amma yatsan da ya karye ya ce ba zai yi mini ƙarya ba. Zai iya yanko tagulla ya liƙa, ta yi wata biyu ko uku, sai dai ba za ta sami dannawar ta asali ba, kuma ran da ta saki, ido zai riƙa buɗewa yana rufewa ba tsayawa, wataƙila ina tsakiyar daji. Ya ce a nemo gawar irin motar.

Nan aka shiga wahala. Na zaga wuraren da ake farfasa tsofaffin motoci a Parakou, babu. Maigidana ya buga wa wani abokinsa a Kwatano, ya yi kwana uku yana yawo, aka ce masa an daɗe da daina ganin irinta. Tun da Najeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa a watan Janairun 2017 kasuwar ta sauya, kuma ko ba haka ba, ba mai ɗauko motar 1991 daga Turai a yau. Waɗanda suka mutu a nan kuwa masu sayen ƙarfe sun auna su a kilo. A intanet na ga injin a Turai, amma kuɗinsa da na aikowa sun kusa kai rubu'in kuɗin motar.

Inna ce ta warware. Na je Djougou da rana ina ba ta labari, tana tsintar shinkafa a faifai, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Irin ta babanku? Ai akwai ɗaya a bayan gidan su mai goro, kaji ke kwana a ciki." Djougou garin fatake ne tun zamanin da ayarin Kano da Sakkwato ke ya da zango a nan kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro. Ta haka kakannin Inna suka zo suka zauna, kuma har yau a tsohuwar unguwar kowa ya san abin da ke bayan gidan kowa. Ta yafa mayafi ta ce mu je, domin idan na je ni kaɗai ciniki za a yi da ni, idan da ita ne zumunci za a yi.

Motar na nan kuwa, ba taya, ba inji, ba kujeru, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta. Amma idanunta biyu a rufe suke, ba wanda ya taɓa su, domin ba wanda ya ga amfaninsu. Mai gidan, wani dattijo, ya ce ta ɗansa ce da ya tafi ci-rani. Aka buga masa waya ya ce a ba Inna. Na yi maganar kuɗi, dattijon ya ce, "Haba 'yata, uwarki na tsaye?" Washegari na aika da turmin atamfa ga uwargidansa. Wani bakanike na kusa ya kwance mana injinan biyu da sandunansu, na naɗe su a tsohon zani na sa a but.

A hanyar komawa gida Inna ta yi wata magana da ban zata ba. Ta ce ita da can ba ta son motar, domin kuɗin da aka saye ta da shi na rufin ɗakinta ne, sai da ta ƙara damina biyu tana tara kwanuka a ƙarƙashin yoyo. Ta ce amma ran da ƙaninmu ya kamu da sanƙarau, motar ce ta kai shi asibiti da ƙarfe biyun dare, tun daga ranar ta yafe mata. Ta ce, "Ki gyara ta. Amma ran da ta fara cin abincin 'ya'yanki, ki sallame ta. Babanku ba ya cikin ƙarfe." Na riƙe wannan magana, domin ita ce iyakar da ban iya sa wa kaina ba.

Baba mai wuta ya buɗe injinan Djougou. Curin wayarsu ya yi tsatsa, amma murfin da ke ɗauke da yatsun tagulla lafiya lau, haka kofunan roba na sanda ɗaya. A wannan karo bai taɓa komai ba. Ya zauna a kan benci ya ce yaron ya haɗa. Yaron ya shafa sabon giris kaɗan a haƙoran faifai, ya kiyaye kada ya taɓa zoben tagulla, ya yanko sabuwar roba daga tsohon tub ya toshe inda ruwa ke shiga. Da ya zo ɗaura guntun hannun ƙarfe, dattijon ya ce ya dakata. Sai an fara sa wa inji wuta shi kaɗai, ya juya ya tsaya a wurin kwanciyarsa, sannan a ɗaura hannu. In ba haka ba, za a kunna fitila ido ya rufe, a kashe ya buɗe. Yaron ya yi yadda aka ce. Aka mayar da kan batir, na murɗa makunni, idanu biyu suka ɗago tare, da 'yar ƙarar nan da na sani tun ina yarinya.

Bai bar ni na tafi ba sai da duhu ya yi. Ya sa na fuskanci bangon wani shago, ya auna tsayin fitila da igiya, ya yi alama da gawayi a bango, ya riƙa juya kusoshin saiti har hasken biyu ya kwanta ƙasa kaɗan da alamar. Ya ce fitila rabinta naka ne, rabinta na mai zuwa. Duk aikin, da giris da kananzir da ladan hannu, sefa 12,000 ya karɓa, ya ce in ba yaron abin da ya sauwaƙa. Mako na gaba motar ta wuce bincike. Da na kai wa Yaya takardar ya juya ta gaba da baya, ya yi dariya, ya ce to a ba shi ya buɗe mata ido sau ɗaya, tun da shi ma ya taɓa cin jarrabawa.

Tun daga lokacin nake tunanin abin da samarin gareji uku suka faɗa mini, cewa ba a samun kayan. Gaskiya suka faɗa, amma wanda ya fi kayan wuyar samu shi ne mai buɗewa ya duba. Ban ga laifinsu ba. Yaron da ya shekara biyar yana koyon aiki, abokinsa da ya karɓi babur ya riga shi yin aure. Motocin da ke shigowa yanzu kuma na'ura ake jona musu ta faɗi abin da ya lalace, a cire a sa wani. Yawancin kayansu ma a liƙe suke, ba a yi su don a buɗe ba. Wanda ya zauna yini guda yana goge gawayi a kan sanfefa, abin da zai samu bai kai na wanda ya canza batir uku ba. Amma mu da kaya ke iso mu bayan an daina ƙera su, ranar da irin su Baba mai wuta suka ƙare, duk abin da ya yi tari sai a auna shi a kilo. Kuma ba mota kaɗai ba. Injin niƙa ne, famfon burtsatse ne, janareton asibitin ƙauye ne.

Na kai maganar cikin shirina. Ban yi zancen motata ba, na dai tambayi masu saurare ko sun taɓa gamuwa da mota mai ido ɗaya a hanya. Layi ya cika har lokaci ya ƙare. Wani mai zem ya ce ya taɓa ratsawa gefen abin da ya ɗauka ɗan uwansa ne mai babur, sai madubin mota ya doke shi a kafaɗa, har yau ba ya iya ɗaga hannun sosai. Wani direban babbar mota ya ce su ma su ji da masu dasa farar fitila mai kashe ido. Wata mata ta ce mijinta ya fi wata uku yana cewa gobe zai sayi ƙwai, ta roƙi in faɗa masa ta rediyo tun da ita ba ya jin tata. Na faɗa masa.

Bayan kwana biyu wani mutum ya bugo daga Kandi. Ya ce yana da Honda Prelude da ya gada wurin kawunsa, idanunta a ɗaure da waya shekara shida, ko na san mai gyara? Na tambayi Baba mai wuta. Ya ce shi yanzu idonsa ba ya ganin ƙananan kusoshi da kyau, amma a kawo, yaron zai yi, shi zai zauna a benci. Ragowar kayan Djougou kuma, faifai biyu masu haƙora da sanda ɗaya, yaron ya wanke su ya shafa musu mai, ya zuba a gwangwanin madara, ya rubuta 323F a jiki da jan fenti, ya ɗora a kan kanta.